Tarihin Maurice Wilks, Injiniyan Da Ya Ƙera Land Rover Don Gonarsa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Salaga zuwa Bimbila a tsakiyar damina, ko ya tashi daga Bawku ya nufi Garu bayan an kwana biyu ana ruwa, ba sai an gaya masa cewa hanya ita ce rabin ciniki ba. Buhun albasa ba ya jiran a gyara kwalbati, huhun goro kuma bai san mota ta kafe ba. Idan kaya suka kwana uku a cikin laka, riba ta tafi, wani lokacin ma har da uwar kuɗi. Shi ya sa dattawan direbobi da tsofaffin 'yan kasuwar wannan yanki har gobe ba su manta da wata mota mai siffar akwati ba, wadda ake rubuta sunanta Land Rover, bakinmu kuma ya mayar da shi Landiroba. A zamanin da take tashe, inda babbar mota ta ja da baya, ita ake aikawa.

Da yawa daga cikinmu mun shiga wannan mota, wasu sun tuƙa ta, wasu ma sun mallake ta, amma kaɗan ne suka san mutumin da ya ƙirƙiro ta. Sunansa Maurice Wilks, Bature ne ɗan ƙasar Ingila, injiniya mai sha'awar noma, wanda ya rasu a shekarar 1963. A yau mun kawo wa masu karatu tarihin rayuwarsa, domin labari ne da ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Labarin haja ce da aka yi ta saboda tsananin rashi, ta mamaye kasuwannin duniya, daga bisani magada suka yi sakaci wasu suka ƙwace masu ciniki.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Maurice Fernand Cary Wilks ranar 19 ga watan Agusta, 1904, a wani tsibiri da ake kira Hayling da ke kudancin Ingila. Mahaifinsa, Thomas Wilks, yana cikin shugabannin wani kamfanin fatu, saboda haka gida ne na rufin asiri. Maurice shi ne ƙarami a cikin 'yan'uwansa maza, kuma ya yi karatu a makarantar Malvern, ɗaya daga cikin makarantun kwana da masu hali ke kai 'ya'yansu.

A shekarar 1926, yana da shekara 22, ya haye zuwa Amurka, inda ya yi aikin shekara biyu a kamfanin General Motors. A wancan lokaci Amurka ce makarantar duk mai son ya koyi yadda ake ƙera motoci dubu-dubu a kan layi ɗaya ba tare da ɓarnar lokaci ko ƙarfe ba. Da ya dawo gida a 1928 sai ya kama aiki a kamfanin motoci na Hillman da ke birnin Coventry, wanda a lokacin shi ne cibiyar masu ƙera motoci a Ingila. Yayansa Spencer Wilks, wanda ya girme shi da shekara 13, yana cikin manyan wannan kamfani, kuma yana auren ɗaya daga cikin 'ya'yan mai kamfanin.

Wa da ƙane a kamfanin Rover

Kamfanin Rover da kekuna ya fara. A 1885 ne John Kemp Starley ya fito da keke mai suna Rover, mai tayoyi biyu kusan kai ɗaya da sarƙa mai juya ta baya, wato kakan keken da muke hawa a yau. Kamfanin ya fitar da motarsa ta farko a 1904, shekarar da aka haifi Maurice. To amma zuwa ƙarshen shekarun 1920 al'amura sun taɓarɓare, ana ta tafka asara, ga kuma karayar tattalin arzikin duniya ta kunno kai. A 1929 aka ɗauko Spencer don ya ceto kamfanin, shi kuma a 1930 ya jawo ƙanensa ya zama babban injiniya.

Rabon aikin da suka yi bai bambanta da wanda muka saba gani a gidajen kasuwancinmu ba, inda wa ke zaune a rumfa yana riƙe da lissafi, ƙane kuma yana kan hanya yana zaɓo kaya. Spencer ya riƙe kuɗi da mulki, Maurice ya riƙe zane da inji. Shawarar da suka yanke ita ce su daina gogayya da manyan kamfanoni irin su Austin da Morris wajen sayar da motoci masu araha, su koma ƙera kaɗan masu inganci, waɗanda likitoci da lauyoyi da manyan ma'aikata za su saya su daɗe da su. Cikin 'yan shekaru Rover ya koma cin riba. A 1937 Maurice ya auri Barbara Martin-Hurst, kuma sun haifi 'ya'ya uku.

Shekarun yaƙi

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, aka dakatar da ƙera motocin hawa, masana'antu suka koma aikin soja. Gwamnatin Birtaniya ta gina wasu manyan masana'antu da kuɗinta ta damƙa wa Rover ya gudanar, ciki har da wata a garin Solihull kusa da Birmingham, inda ake haɗa injunan jiragen sama. A watan Nuwamba na 1940 jiragen yaƙin Jamus suka yi wa Coventry ruwan bama-bamai, masana'antar Rover ta asali ta lalace.

A wannan tsakani aka ɗora wa Maurice wani aikin sirri, wato jagorancin injiniyoyin Rover da za su mayar da sabon injin jirgin sama na jet, wanda Frank Whittle ya ƙirƙiro, ya zama abin da za a iya ƙerawa da yawa. Aikin bai tafi lami lafiya ba. Injiniyoyin Rover sun riƙa sauya zanen yadda suke ganin zai fi sauƙin ƙerawa, Whittle kuma ya ɗauki hakan a matsayin shisshigi, har jituwa ta ƙare a tsakaninsu. A 1943 aka yi musanye, kamfanin Rolls-Royce ya karɓi aikin jet, Rover kuma ya karɓi aikin injin tankar yaƙi mai suna Meteor. Wannan shi ne babban aikin da ya suɓuce wa Maurice a rayuwarsa, kuma kamar yadda za mu gani a gaba, bai taɓa cire shi daga ransa ba.

Ƙarancin ƙarfe da tsohuwar Jif

Bayan an gama yaƙi a 1945, Rover ya tattara ya koma Solihull. Ga makekiyar masana'anta, ga ma'aikata, amma babu abin aiki. Bashi ya yi wa Birtaniya katutu, tana neman kuɗin ƙasashen waje ido rufe, don haka gwamnati ta riƙa raba ƙarfe da ƙididdiga, kuma kason kowane kamfani ya danganta da yawan kayan da yake sayarwa a ƙetare. Motocin Rover kuwa na manyan mutanen cikin gida ne, ba su da kasuwar kirki a waje. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kama babban shago ya biya haya, sa'an nan aka rufe iyaka kaya suka daina shigowa, ya san halin da 'yan'uwan nan biyu suka shiga.

Maurice yana da gona a tsibirin Anglesey da ke yankin Wales, inda yake zuwa hutu da iyalinsa. A gonar yana amfani da wata tsohuwar Jif ta sojan Amurka, irin waɗanda aka yi gwanjonsu bayan yaƙi. Ita dai Jif ba baƙuwa ba ce ga mutanenmu, domin sojojin Gold Coast da suka je yaƙin Bama, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne kuma Hausa ce harshen bariki, sun gan ta a can, wasunsu ma a soja suka koyi tuƙi. Da wannan Jif Maurice yake jan itace, da ita yake ɗaukar kaya, da ita yake shiga inda babu hanya. An ruwaito cewa wata rana Spencer ya tambaye shi abin da zai yi in ta mutu, shi kuma ya nuna cewa sai dai ya nemi wata irinta, tunda babu wani kamfani a Ingila da ke ƙera makamanciyarta. Daga wannan hira suka fahimci cewa akwai manoma da yawa a duniya masu irin wannan buƙata, kuma babu mai biya masu ita. Kamar yadda iyalinsa suka ba da labari, a kan rairayin bakin teku, a wani wuri da ake kira Red Wharf Bay, Maurice ya fara zana siffar motar a 1947.

Yadda aka harhaɗa ta

Kusan duk abin da aka san Land Rover da shi, rashi ne ya haife shi. Tunda ƙarfe na ƙididdiga ne, sai aka yi bodin da alminiyam, ƙarfen nan mara nauyi da maƙera ke zuba tukwane da shi, wanda masana'antun jiragen sama suka bari da yawa bayan yaƙi. Tunda babu kuɗin sayen manyan injunan da ke lanƙwasa bodi, sai aka yi shi da faifai miƙaƙƙu waɗanda za a iya naɗewa da ƙananan kayan aiki, abin da ya ba ta siffar akwati ke nan. Shasi kuwa, wato ƙashin bayan motar, injiniya Gordon Bashford ya tsara shi ta hanyar haɗa sillayen ƙarfe huɗu da walda su zama kamar dogon bututu mai kusurwa huɗu, sai ga shi ya fito da ƙarfin da ba a zata ba. Inji da giya an ɗauko su daga motar hawa ta Rover. Hatta koren fentin da aka san motocin farko da shi, ragowar fentin jiragen yaƙi ne.

Motar gwaji ta farko, wadda aka ɗora a kan shasin Jif a 1947, sitiyarinta a tsakiya yake kamar na tarakta. Ɗaya daga cikin dalilan hakan shi ne a huta da ƙera iri biyu, na ƙasashen da ke tuƙi ta hagu da na masu tuƙi ta dama. Mu da muke zaune a bakin iyaka mun san wannan matsala, domin har zuwa ranar 4 ga Agusta, 1974, direban da ya fito daga Bawku ta hagu yake tuƙi, in ya tsallaka Kulungugu ya shiga Upper Volta, ko ya bi ta Pulmakom ya shiga Togo, sai ya koma dama. Sai dai dabarar sitiyarin tsakiya ba ta yi aiki ba, aka watsar da ita tun kafin a fara sayarwa.

A tunanin Maurice, motar rabi mota ce rabi tarakta. An sa mata giya mai ja da tayoyi huɗu, da wata ƙaramar giya ta hawan tudu da fita daga taɓo, sa'an nan aka yi mata wurin da za a ɗaura bel ko sanda, injinta ya juya injin niƙa ko zarto ko famfon ban-ruwa. A watan Satumba na 1947 shugabannin kamfani suka amince a ƙera ta, bisa fahimtar cewa ta wucin gadi ce, za a yi ta shekara biyu ko uku kafin ƙarfe ya wadata a koma sana'ar asali.

Baje kolin Amsterdam

Ranar 30 ga Afrilu, 1948, aka nuna Land Rover a karon farko a bikin baje kolin motoci na birnin Amsterdam da ke ƙasar Holan. Gajera ce, tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya inci 80, injinta na fetur mai lita 1.6, kuɗinta fam 450. A wannan farashi ko ƙofofi da rufin tamfol babu, sai mai saye ya ƙara kuɗi. Duk da haka oda ta riƙa kwararowa. A shekarar farko ta cikakken aiki an ƙera kimanin 8,000, shekarar da ta biyo aka ninka, kuma zuwa 1951 Land Rover ta fi motocin hawa na kamfanin ciniki nesa ba kusa ba. Mafi yawansu ƙasashen waje ake kai su, wato daidai abin da gwamnati take nema kafin ta ba da ƙarfe. Hajar da aka kawo don toshe ɓaraka ita ta zama uwar shago.

Maurice da injiniyoyinsa suka ci gaba da sauraron masu saye. Da aka koka cewa bayanta ya yi ƙanƙanta, aka tsawaita ta zuwa inci 86 da 107, daga baya a 1956 zuwa 88 da 109. A 1957 aka fito da mai injin dizal, a 1958 kuma aka sabunta bodin aka kira ta Series II. Sojan Birtaniya sun fara sayenta tun 1949. A 1954 ɗaliban jami'o'in Oxford da Cambridge suka ratsa nahiyar Afirka da ita, kuma tsakanin 1955 da 1956 wasu suka tuƙa biyu daga Landan har Singafo. A 1954 ɗin ne aka ƙera ta 100,000, a 1959 kuma ta 250,000.

Isowarta ƙasashenmu

Kafin a gane matsayin da motar ta samu a nan, sai an tuna yadda hanya ta riƙa ɗaga garuruwanmu tana sauke su. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, su yi watanni a hanya, su biyo ta Yendi su sauka Salaga don sayen goro. Yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa wannan kasuwa, 'yan kasuwa suka watsu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo. Da zamanin mota ya zo, babbar hanyar Kumasi zuwa Tamale ta bi ta mashigin Yeji da Salaga, garin ya ɗan farfaɗo. Bayan an kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Volta ya faɗaɗa mashigin, babbar hanya ta koma ta Kintampo da Buipe, aka bar Salaga a gefe. A duk tsawon waɗannan shekaru, da zarar an sauka daga babbar hanya sai burji da gargada da rafukan da babu gada.

A irin wannan ƙasa Land Rover ta sami gida. Jami'an mulkin mallaka da 'yan sanda da sojoji su suka fara yawo da ita, sai malaman gona da likitocin dabbobi da ma'aikatan lafiya masu bin ƙauyuka da 'yan mishan. Bayan samun 'yancin kan Ghana a 1957 ma'aikatun gwamnati suka ci gaba da sayenta, kuma ta hanyar gwanjon tsofaffin motocin gwamnati da yawa suka faɗo hannun talakawa. A Nijeriya har an riƙa harhaɗa ta a masana'antar Leyland da ke Ibadan.

Gaskiyar magana, Land Rover ba ita ce ta ɗauki nauyin fataucinmu ba. Manyan motoci masu bodin katako irin su Bedford su suka yi dakon goro da doya da albasa da gishiri. Aikin Land Rover shi ne ta kai inda su ba sa kaiwa. Ita ke shiga ƙauye ta fito da 'yan buhuna zuwa bakin hanya, ita ke ɗaukar mai naƙuda cikin dare, ita ke janyo wata motar in ta kafe. Doguwar mai kujeru tana ɗaukar mutum goma zuwa sha biyu a ƙa'ida, a ranar kasuwa kuwa, kowa ya san ƙa'ida a takarda take tsayawa.

Abin da ya sa masu ita ba sa rabuwa da ita

Idan aka tambayi wanda ya daɗe da Land Rover, ba zai ɓoye aibinta ba. Ba ta da gudu, mai fetur ɗin tana da shan mai, sitiyarinta da nauyi, kujerunta da tauri, cikinta da zafi da ƙura, kuma da wuya ta kwana a wuri ba ta bar ɗigon baƙin mai a ƙasa ba. Sandar ƙarfen da ke juya tayar baya ma takan karye in an yi mata lodi fiye da kima.

Abin da ke riƙe mai ita shi ne, duk abin da ya lalace a jikinta ana iya gyara shi a inda ya lalace. Kusan komai da noti aka ɗaure shi, ana kwancewa da sifana a mayar. Gilasanta miƙaƙƙu ne, mai yankan gilashi na cikin gari zai yanka wani. Bodinta in ya lotsa ana buge shi da guduma ya miƙe, kuma ba ya tsatsa. Kayan gyaran wata shekarar sau da yawa suna shiga na wata, shi ya sa a Suame Magazine ta Kumasi da garejojin Tamale kanikawa kan haɗa matattu biyu su tayar da ɗaya. Ko sandar bayan nan ta karye a daji, direban da ya san aikinsa yakan danna maɓallin nan mai ruwan ɗorawa da ke kusa da giya, tayoyin gaba su ja shi har gida. Jan sandan da ke gefensa kuma shi ne na ƙaramar giya, wanda ake ja in an shiga taɓo. Duk yaron motar da ya tashi a cikinta da waɗannan launuka biyu ya fara karatu. Mota ce da mutumin da ya san ciwon lalacewar abin hawa a nesa da gari ya zana, kuma hakan ya nuna a kowane sashe nata.

Sai dai muna jan hankalin duk mai niyyar sayen tsohuwa da kada kyan bodi ya ruɗe shi. Alminiyam ba ya tsatsa, amma shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba ƙarfe ne, kuma su ruwa da laka ke ci. A shiga ƙarƙashinta da ƙaramar guduma a ƙwanƙwasa, musamman ta baya da wuraren da aka ɗaure sifirin, kafin a yi maganar kuɗi.

Ƙarshen rayuwarsa

Duk da nasarar Land Rover, zuciyar Maurice ba ta bar injin jet ba. A 1950 Rover ya nuna wata mota mai suna JET1, wadda ke tafiya da irin wannan inji, kuma a 1952 ta yi gudun da ya haura mil 150 a sa'a guda a ƙasar Beljiyam. An kashe kuɗi da shekaru a kan wannan aiki, amma shan mai da tsada suka hana a taɓa sayar da irinta ga jama'a. JET1 tana ajiye a gidan tarihin kimiyya na Landan. Abin da ya ɗauka shi ne babban aikinsa ya ƙare a gidan kallo, wadda ya yi don gona kuwa ita ta ciyar da kamfanin.

Ya riƙe muƙamin daraktan fasaha daga 1946, ya zama manajan darakta tare da yayansa a 1956, sa'an nan ya zama shugaban kamfanin a farkon 1962. Waɗanda suka yi aiki da shi sun san shi da kunya da rashin son fitowa bainar jama'a, ya fi sakewa a ɗakin zane da wurin gwaji fiye da ɗakin taro. Ya rasu ranar 8 ga Satumba, 1963, a gonarsa ta Anglesey, yana da shekara 59, wata guda kafin a fito da Rover 2000, sabuwar motar hawa da aka tsara a ƙarƙashin kulawarsa. A tsibirin aka binne shi, a harabar wata ƙaramar majami'a. Spencer ya rayu har 1971.

Yadda kasuwar ta suɓuce

Bayan rasuwarsa motar ta ci gaba da bunƙasa na wani lokaci. An ƙera ta 500,000 a 1966, ta miliyan ɗaya a 1976. A 1970 Spen King, wanda ɗan 'yar'uwar su Maurice ne, tare da Gordon Bashford suka fito da Range Rover. To amma tun 1967 Rover ya shiga ƙarƙashin Leyland, a 1968 kuma aka narkar da shi cikin katafaren kamfanin British Leyland, wanda ya yi fama da yajin aiki da asara. Ribar da Land Rover ke kawowa ta riƙa tafiya wajen toshe ramukan wasu sassan, ita kuwa aka bar ta da tsohon inji da tsofaffin matsaloli. Mai son saye sai ya yi dogon jira, kayan gyara kuma ba kullum ake samu ba.

A daidai lokacin kamfanin Toyota na Japan, wanda ya fara tasa motar daji a 1951 ya kuma raɗa mata suna Land Cruiser a 1954, yana ta buɗe shaguna da rumbunan kayan gyara a Afirka da ƙasashen Larabawa da Ostareliya. Injinsa ya fi girma, lalacewarsa ta fi ƙaranci, kuma mai kuɗi a hannu yakan samu nan take. Cikin shekarun 1970 da 1980 gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji suka juya, 'yan kasuwa suka bi su. A yau duk wanda ya tsaya a bakin titin Tamale ko Yendi ya ƙirga, ya san wanda ya ci kasuwar, kamar yadda kuma ya san cewa ƙaramin dakon ƙauye ya koma hannun babura masu ƙafa uku.

Sunan Land Rover ya yi ta sauya iyayen gida. British Aerospace ya saye shi a 1988, BMW na Jamus a 1994, Ford na Amurka a 2000, sai Tata na Indiya a 2008. Jikanyar motar Maurice, wadda aka raɗa wa suna Defender a 1990, an daina ƙera ta a Solihull ranar 29 ga Janairu, 2016, bayan an yi sama da miliyan biyu tun daga 1948. Sabuwar Defender da aka nuna a 2019 a ƙasar Sulobakiya ake haɗa ta, motar masu hannu da shuni ce mai cike da na'urorin kwamfuta, ba ta gyaruwa a gindin bishiya. Tsofaffin kuwa sun zama abin nema a Turai da Amurka, inda masu sha'awa ke biyan kuɗi mai tsoka su saya su gyara. Don haka duk wanda ke da wata a yashe a bayan gida, kaji na ƙwai a cikinta, ya duba lambar shasinta ya yi tambaya tukuna, kafin ya sayar wa masu awon tsohon ƙarfe a kan kilo.

Wannan shi ne taƙaitaccen tarihin Maurice Wilks. Ya sami masu ciniki ne saboda ya sayar masu da abin da shi kansa yake buƙata, ya kuma riƙa gyara shi bisa kokensu. Waɗanda suka gaje shi sun ɗauka mai ciniki ba shi da wurin zuwa, suka bar shi yana jira a ƙofar shago har maƙwabci ya kira shi. Ga masu shirin kama hanya zuwa kasuwar Bawku ko Sinkase ko Salaga a wannan mako, muna yi maku fatan a sauka lafiya, a kuma yi ciniki mai albarka.